Takardar Ƙwarewa Ga Masana Magunguna: Ina Rabon Majinyatan Dutsin-Ma Da Kurfi?

Tun cikin shekarar 2011 Majalisar Ƙasa mai kula da tsarin muƙaman ma'aikatan gwamnati ta amince da cewa mai harhaɗa magunguna wanda ya ƙware a aikinsa yana iya kaiwa matsayin kwansaltan, watau babban ƙwararre, kamar yadda likitoci suke kaiwa. Maganar ta yi shekara tara tana kwance cikin fayil, sai a 2020 ofishin Shugaban Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya fitar da sakula ta zartar da ita. Duk da haka ƙura ba ta lafa ba. Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya ta ce ba ta yarda ba, ita kuwa haɗaɗɗiyar ƙungiyar sauran ma'aikatan lafiya, watau JOHESU, ta sa wannan batu cikin buƙatunta sa'ad da ta yi yajin aikin gargaɗi na kwana bakwai a ƙarshen watan Oktoba na 2024.

Duk wanda ya bi wannan ja-in-ja daga nesa zai ɗauka rigima ce ta manya a kan alawus da girman kujera, wadda ba ta shafi manomin Wurma ko mai sayar da nono a Karofi ba. Lalle akwai gaskiya a cikin wannan zato, domin yawancin hayaniyar a manyan asibitocin koyarwa ake yinta. To, amma a ƙarƙashin rigimar akwai wata tambaya wadda ta shafi talaka fiye da kowa: wa ke lura da yadda majinyaci yake shan maganinsa bayan ya bar asibiti ya koma gida, kuma wace shaida ke akwai cewa mai lurar ya san aikin? Idan Jihar Katsina za ta shiga wannan tsari, da wannan tambaya ya kamata ta shiga.

Majinyacin Jeka-ka-dawo

A kowane asibiti majinyata iri biyu ne. Akwai wanda aka ba gado, likita yana zagayowa ya duba shi, ma'aikaciyar jinya tana ba shi magani a kan sa'a tana rubutawa a takarda. Akwai kuma wanda za mu iya kira majinyacin jeka-ka-dawo, in muka yi aron sunan makarantun da ɗalibai ba sa kwana. Shi wannan kati yake yanka da safe, ya bi layi ya ga likita, ya je tagar ɗakin magani ya karɓi abin da aka rubuta masa, ya hau babur ya koma ƙauyensu. Irinsu su ne mafi yawa, nesa ba kusa ba. Daga lokacin da ya bar tagar nan har ranar da zai dawo, wata guda ko biyu, shi ne ma'aikacin jinyar kansa.

A da, yawancin abin da ke kai mutanenmu asibiti cututtuka ne masu zuwa su wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro, da gudawa, da ƙyanda. Waɗannan suna nan har yanzu, amma an sami ƙari. Binciken da aka sha yi a ƙasar nan ya nuna kusan mutum ɗaya cikin kowane uku na manya yana da hawan jini, kuma da yawa ba su ma sani ba. Ga ciwon sukari, ga asma, ga farfaɗiya, ga amosanin jini, ga masu shan maganin ƙanjamau da na tarin fuka. Irin waɗannan ba a sallamarsu da allura ɗaya. Wasu wata shida za su yi suna shan magani, wasu kuwa har iyakar rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin wani rahoto da ta fitar a 2003, ta ce ko a ƙasashen da suka ci gaba kimanin rabin masu irin waɗannan cututtuka ne kaɗai suke shan magani yadda aka umarce su, kuma a ƙasashe matalauta abin ya fi haka muni.

Bisa ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma tana da mutane kusan 170,000, ta Kurfi kuwa kimanin 117,000, kuma kowa ya san sun ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, balle da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita. Manyan asibitocin da ke hedkwatar waɗannan ƙananan hukumomi biyu su ne madogarar mutanen Birci, da Tsauri, da Rawayau, da Shema, da Maƙera, har da maƙwabtansu na wajen Safana. Wanda ciwonsa ya gagara sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar kilomita wajen sittin daga Dutsin-Ma. Ga kuɗin mota da ya hau tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, ga kuma rashin tsaron da ya addabi wannan yanki shekaru da dama, wanda ya sa mutum ba ya fita ƙauyensu sai dole. Saboda haka zuwa asibiti sau ɗaya abu ne mai tsada, kuma in aka yi kuskure a wannan zuwan, ba lalle ne a sami damar gyarawa da wuri ba.

Abin Da Ake Rasawa A Taga

Mutane da yawa suna ɗauka aikin masanin magunguna shi ne ƙirga ƙwayoyi a zuba a leda, a ja layi biyu ko uku a jiki, a ce “safe, rana, dare”. Wannan ƙaramin sashe ne na aikin. Bari mu kawo misalai daga abin da ke faruwa kullum.

Dattijo mai hawan jini yana shan maganinsa, amma gwiwa tana damunsa, sai ya riƙa sayen diklofenak ko ibufurofen a kemis yana sha kowace rana. Waɗannan magunguna suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin da likita ya ba shi, kuma in an daɗe ana shansu suna yi wa ƙoda da ciki lahani. In ya dawo asibiti aka auna aka ga jinin bai sauka ba, sai a ƙara masa magani, alhali ba a tambaye shi abin da yake sha a gefe ba. Haka kuma maganin hawan jini da ake kira lisinofiril yakan sa wasu busasshen tari, sai mutum ya yi ta sayen maganin tari a banza, kuma shi wannan magani ba ya halatta ga mace mai juna biyu. Mai ciwon sukari da ke shan gilibenkilamaid, in ya ɗauki azumin watan Ramadan ba tare da an gyara masa lokaci da yawan abin da zai sha ba, sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma. Mai yin allurar insulin yana bukatar a nuna masa yadda zai adana ta a lokacin bazara, sa'ad da zafi yake haura maki 40 kuma ba wutar lantarki, ko da ta hanyar ajiye ta a gindin randa ne.

Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin yakan mayar da fitsari ja, wanda bai sani ba sai ya tsorata ya bar sha, ga shi kuma yana raunana ƙwayoyin ba da tazarar haihuwa. Maganin zazzaɓin da aka fi bayarwa yanzu sau shida ake shansa cikin kwana uku, kuma ya fi aiki in an sha shi da abinci mai maiƙo, amma da yawa da zarar jiki ya yi sanyi sai su ajiye sauran don wani karon. Tetirasaikilin kuwa in aka kora shi da fura da nono, mafi yawansa ba ya shiga jiki. Mai farfaɗiya in ya yanke magani farat ɗaya domin kuɗi sun ƙare, ciwon yana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na da. Kanwa da dunƙulen ɗanɗano da ake zubawa a miya su ma gishiri ne ga mai hawan jini, ko da ya rantse ya bar cin gishiri.

Duk waɗannan ba sirri ba ne, suna cikin littattafan da kowane ɗalibin fannin yake karantawa. Amma likitan da layin mutane ya cika ƙofarsa ba shi da sukunin bin kowane majinyaci da waɗannan tambayoyi, shi kuma na tagar magani ana tura masa takardu ta ƙaramar kafa, bayan majinyacin kuma ga wasu suna jira suna sauraro. Wace mace ce za ta faɗi cewa tana da ƙaramin ciki, ko tana shan ƙwayar tazara, a gaban layin jama'a? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran amfani da magani suna jawo wa duniya asarar dala miliyan dubu 42 a kowace shekara. A wurinmu asarar takan fito da siffar shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙodar da zai sa a sayar da gona da shanu.

Lasin Daban, Ƙwarewa Daban

Aikin magani a Arewa yana da tsohon tarihi. Tun 1930 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan ɗakin shan magani a Zariya, shekara uku bayan kafa Ƙungiyar Masu Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya a 1927. Waɗanda suka fito daga irin wannan makaranta su ne suka riƙe ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi, kuma dattawanmu suna tunawa da su da alheri. Daga baya Jami'ar Ahmadu Bello ta fara ba da digiri a fannin, yanzu kuma akwai irin wannan tsangaya a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. A 2016 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da sabon digiri na shekara shida, wanda ya fi ba da ƙarfi ga kula da majinyaci a kan tsohon na shekara biyar.

Wanda ya gama digiri, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sai Majalisar Kula da Aikin Magunguna ta Nijeriya, wadda aka fi sani da PCN, ta yi masa rajista ta ba shi lasin da zai riƙa sabuntawa kowace shekara. Dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2022, wadda ta maye gurbin ta 1992, ta ƙara wa wannan majalisa iko a kan dukan wuraren da ake sayar da magani da masu sayar da shi. To, shi lasin iyakar abin da yake shaidawa shi ne mutum ya kai mafi ƙanƙantar mizanin da doka ta gindaya domin ya taɓa magani. Ba ya nuna cewa ya zurfafa a wani fanni na musamman.

Wannan zurfin shi ne aikin Kwalejin Ƙwararrun Masana Magunguna ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1991, take da hedkwata a Yaba ta Legas, kuma Nijeriya da Gana da Gambiya da Laberiya da Saliyo suka yi tarayya a cikinta. Kwalejin tana da sassa da suka haɗa da na aikin asibiti, da na shagunan magani na cikin gari, da na lafiyar jama'a, da na sarrafa magunguna da tabbatar da ingancinsu, da na gudanar da mulki. Mai neman shaidarta sai ya ci jarrabawa mataki-mataki, ya yi horo a ƙarƙashin na gaba da shi, ya kuma rubuta kundin bincike. Wannan shaida ita ce sharaɗin hawa matsayin kwansaltan da ake ta rigima a kai.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

A Amurka an kafa hukumar ba masana magunguna shaidar ƙwarewa tun 1976. Sai a 2009 ta ware kula da majinyatan jeka-ka-dawo a matsayin fanni mai zaman kansa, aka yi jarrabawar farko a 2011. Abubuwa biyu ne suka kamata mu lura da su a tsarinsu. Na ɗaya, ba a barin mutum ya zauna jarrabawar sai ya yi horo na musamman a fannin, ko kuma ya yi aiki na shekara huɗu wanda aƙalla rabin lokacinsa tare da irin waɗannan majinyata ya yi shi. Na biyu, takardar ba ta har abada ba ce. Duk shekara bakwai sai an sabunta ta, ko dai da sabuwar jarrabawa ko da ƙarin karatun da aka amince da shi. Wanda ya kwanta a kan tsohon ilmi sai takardar ta kuɓuce masa.

Dalilin da ya sa suka ɗauki fannin da muhimmanci shi ne sun gwada sun gani. A 1997 hukumar birnin Ashbil, cikin Jihar Karolaina ta Arewa, ta haɗa ma'aikatanta masu ciwon sukari da masana magunguna waɗanda aka ba horo na musamman, suna ganawa a kai a kai, ana duba sukari, ana gyara yadda ake shan magani, ana sanar da likita abin da aka gani. Bayan 'yan shekaru aka tarar sukarin yawancinsu ya daidaita, fashin aiki saboda rashin lafiya ya ragu, kuma jimillar kuɗin jinya ta sauka, ko da yake kuɗin sayen magani ya hau, domin mutane sun koma shansa yadda ya kamata.

A Ingila kuwa tun 2006 aka ba masana magunguna waɗanda suka yi ƙarin horo iznin rubuta magani da kansu a fannin da suka ƙware, kuma a watan Janairu na 2024 aka fara wani shiri wanda ya ba shagunan magani damar duba ƙananan cututtuka guda bakwai, domin a rage cunkoso a wurin likitoci. Ba muna cewa a kwaso tsarin waɗannan ƙasashe dungurungum a dasa a Kurfi ba. Abin lura shi ne ƙasashen da suka fi mu yawan likitoci ninkin-ba-ninkin sun ga ya dace su raba aikin, kuma kafin su raba sai da suka kafa ma'aunin da zai tabbatar da cewa wanda za a ba ya iya.

Hujjar Kowane Ɓangare

Likitoci suna cewa majinyaci ɗaya ba ya yiwuwa a ce yana da shugabanni biyu. A tsarin asibiti kwansaltan shi ne wanda majinyaci yake ƙarƙashin sunansa, shi doka za ta tuhuma in an yi sakaci. In aka sami wani mai wannan laƙabi wanda bai koyi gano cuta ba, talaka zai ruɗe, kuma za a riƙa samun umarni biyu masu karo da juna. Wannan tsoro ba abin yasarwa ba ne, musamman a wurin da duk namiji mai farar riga “likita” ake ce masa.

Su kuwa masana magunguna suna cewa ba kujerar likita suke nema ba. Gano cuta nasa ne, amma sanin yadda magani yake aiki a jiki, da yadda wannan yake karo da wancan, da yadda za a daidaita shi ga tsoho ko jariri ko mai ciwon ƙoda, wannan shi ne abin da suka shafe shekaru suna karantawa. Suna kuma cewa in ma'aikaci ya san komai zurfin karatunsa ba zai wuce inda yake ba, to, ko dai ya koma kasuwanci ko ya haye jirgi zuwa Ingila ko Kanada ko Saudiyya, kamar yadda da yawa suka riga suka yi.

In an duba da idon basira, hujjojin biyu ba sa rushe juna. Abin da likitoci suke tsoro ana maganinsa da rubutacciyar ƙa'ida wadda ta bayyana iyakar kowa. Ƙasar nan ma ta riga ta karɓi wannan hanya tun 2014, sa'ad da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufar raba ayyuka, wadda ta ba ma'aikatan lafiya na karkara damar yin wasu ayyukan da a da sai likita ko ungozoma. Abin da ya tsawaita rigimar shi ne an fi ba da ƙarfi ga laƙabi da matakin albashi, aka bar maganar aikin da mai laƙabin zai yi da wurin da zai yi shi.

Hatsarin Da Ke Gaba

A nan ne Jihar Katsina ya kamata ta yi hattara. Mun ga yadda abin ya kasance da ƙwararrun likitoci: da zarar mutum ya sami takardarsa sai babban birni ya janye shi, domin can ne kayan aiki suke, can ne makarantun 'ya'yansa, can ne kuma kwanciyar hankali. In aka buɗe wannan matsayi ga masana magunguna ba tare da wani sharaɗi ba, haka za a maimaita. Masu takardar za su taru a Katsina, wasu a hedkwatar ma'aikata suna sa hannu a fayil, gwamnati ta ƙara kashe kuɗin albashi, shi kuwa mai hawan jinin Tsauri yana nan a bakin taga ana ja masa layi uku a leda. Har ma abin yana iya komawa baya, domin ƙwazon da ake da shi a asibitocin ƙananan hukumomi shi ne zai ci jarrabawar ya nemi canjin wurin aiki.

Akwai kuma gaskiyar da ba ta ɓoyuwa, watau mafi yawan maganin da ake sha a ƙauyukanmu bai taɓa bi ta hannun mai digiri ba. Mai kemis shi ne asibitin farko, shi ke buɗe da dare, shi ke ba da bashi, shi ke yarda ya ɓallo ƙwaya huɗu daga kati in kuɗin mutum iyakarsu ke nan. Lasin da doka ta ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne cikin kwalinsu, amma kowa ya san abin da ake sayarwa ya wuce haka. An ga illar sakin wannan fage a lokacin annobar shan kodin, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da maganin tari mai ɗauke da shi da kuma sarrafa shi a watan Mayu na 2018. A 2024 kuma hukumar NAFDAC da PCN suka tilasta wa 'yan kasuwar magani ta Sabon Garin Kano, inda masu kemis da yawa na Arewa suke sari, su koma sabuwar cibiyar Dangwauro domin a iya sa ido. An gyara bakin rijiya ke nan, saura masu ɗiba.

Tsada ita ma ta shigo cikin lissafi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci suke fitowa. Faɗuwar darajar Naira da ficewar kamfanoni irin su GSK, wanda ya ba da sanarwar tsayar da harkokinsa na kai tsaye a 2023, sun sa farashin wasu magunguna ya ninka. Mai ƙaramin albashi yakan raba ƙwaya biyu, ko ya sha yau ya tsallake gobe. Masanin da ya san aikinsa yana iya nuna wa likita wani magani mai araha wanda yake aiki iri ɗaya, kuma wannan kaɗai yana iya zama dalilin da zai sa mutum ya ci gaba da sha.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, in jihar za ta zartar da wannan matsayi, to, a ɗaura kujerar a jikin asibiti, kada a ɗaura ta a jikin mutum. A ce Babban Asibitin Dutsin-Ma yana da gurbin ƙwararren masanin magunguna mai kula da majinyatan jeka-ka-dawo, wanda zai riƙa zuwa Kurfi a ranakun da aka tsayar. Wanda ya bar gurbin ya bar alawus ɗin da ke tare da shi.

Na biyu, Hukumar Kula da Asibitoci ta Jiha ta zaɓi ma'aikatan da suka riga suka zauna a waɗannan wurare, ta ba su hutun karatu da albashi, ta biya kuɗin jarrabawa, bisa yarjejeniyar cewa za su dawo su yi shekarun da aka ƙayyade. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ma'aikatan gwamnati, haka aka horar da malamai da injiniyoyin jihar nan. Sai dai yarjejeniya ba ta riƙe wanda ba shi da gidan kwana mai tsaro, saboda haka gida yana cikin lissafi.

Na uku, a rubuta ƙa'idar aiki tare da likitoci, kowa ya sa hannu. Likita ya gano cuta ya ɗora mutum a kan magani. Wanda ciwonsa ya daidaita sai ya riƙa ganin masanin magunguna a ɗaki mai ƙofa, a auna jininsa ko sukarinsa, a ce ya zo da dukan abin da yake sha, har da na kemis da na gargajiya, a rubuta abin da aka gani cikin fayil ɗinsa. In an ga alamar hatsari a mayar da shi ga likita nan take. Da haka layin likita zai ragu, ya sami sukunin duba waɗanda suka fi bukatarsa.

Na huɗu, a auna amfanin abin da ƙididdiga. A buɗe rajistar masu hawan jini da ciwon sukari, a ƙarshen shekara a ga nawa ne suka daidaita, nawa suka daina zuwa, nawa aka kwantar. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, wadda ake yankar kuɗinta daga albashin ma'aikata, ita ce ta fi kowa riba in aka rage masu kwanciya, don haka ya dace ta biya kuɗin wannan ganawa kamar yadda take biyan kuɗin ƙwaya.

Na biyar, ƙwararren ya zama malami ga na ƙasa da shi. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa, wadda ta hau mulki a 2023, ta ɗauki alkawarin samar da cibiyar lafiya mai aiki a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 361 na jihar. Ba za a sami mai digiri a kowace ɗaya ba nan kusa. Amma mutum ɗaya da ya ƙware yana iya zagaya cibiyoyin ƙaramar hukumarsa, ya duba ajiyar magani, ya tara masu kemis lokaci-lokaci ya koya musu abin da ba a haɗawa da kuma alamun da in sun gani sai su tura mutum asibiti.

Ita ma Kwalejin ta Yaba da majalisar PCN akwai nasu. Ya kamata wani sashe na horon a riƙa yinsa a asibitocin ƙananan hukumomi, kuma a jarraba mutum a kan iya yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ji. Wanda ba zai iya fahimtar da tsohuwa da Hausa yadda za ta sha maganinta ba, ya rubuta mata a boko ko ajami ko da alamar rana da wata, ƙwarewarsa ba ta iso Kurfi ba tukuna. Haka kuma a ɗauki darasin sabunta takarda bayan 'yan shekaru, domin magunguna suna sauyawa, abin da aka koya jiya wani an riga an janye shi.

Ga ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni kuwa, su sani cewa fagen yana da faɗi kuma ma'aikata kaɗan ne, musamman mata, waɗanda 'yan'uwansu mata za su fi sakin jiki da su. Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Jarrabawar Kwaleji gwaji ne na farko, na biyun kuwa shi ne a ga jinin dattijon Birci ya sauka kuma ya zauna a sauke. Muna fata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha, da ƙungiyoyin likitoci da na masana magunguna, za su zauna a teburi ɗaya su tsara wannan al'amari tun kafin rigimar manyan asibitoci ta iso mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.